Sola a Kaduna: me ya sa ta wani ke kai shi asuba, ta wani kuma ta mutu da tsakar dare?

Shin sola tana maganin rashin wuta, ko kuwa wata hanyar zubar da kuɗi ce? Wannan muhawara ta cika majalisu da wuraren aiki a Kaduna, daga Rigasa har Barnawa. Za ka tarar da maƙwabta biyu a layi ɗaya, kowanne ya kashe kuɗi masu kauri. Ɗaya yana cewa ya manta rabonsa da ya tayar da janareta. Ɗayan yana rantsuwa cewa cutarsa aka yi, domin kafin ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka, fankoki sun tsaya, yara sun tashi cikin gumi. Kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Idan ka tambayi kowannensu wace iri ya sa, amsar ɗaya ce: "Ai 3.5kVA ce," ko "5kVA injiniya ya haɗa min." A ganina tushen ruɗanin yana cikin wannan amsar. Lambar da mutane suka haddace, wadda ake ciniki a kanta, ba ta faɗin awa nawa wutar za ta yi. Wasu lambobi ne daban ke faɗin hakan, kuma mafi yawan masu saye ba a taɓa nuna musu su ba.

Yadda aka zo nan

Ba da daɗewa ba, sola kayan asibitoci ce da fitilun kan titi da gidajen masu hali. Talaka da ma'aikacin gwamnati ƙaramin janareta suka sani. Abubuwa ne suka zo a jere suka sauya lissafin.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan sassauta shi ya tsaya sama da 200 kaɗan. Sai ga Oktoban 2024. Babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa tashar Mando ya riga ya lalace sakamakon ɓarnar da aka yi masa, matsalar tsaro ta hana gyara cikin sauri, layin da ake dogaro da shi ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi. Yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu sayar da ƙanƙara da kifi da kaji sun ga asara, masu cajin waya suka ƙara kuɗi, ruwan sha ya yi wuya domin babu wutar tayar da injin rijiyar burtsatse.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tsohuwar cuta. Ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan lokuta. Tashar lantarki ta Kudenda mai megawat 215, a nan cikin Kaduna, an ba da kwangilarta tun 2009, aka shafe fiye da shekara goma ana jiranta. Da labari ya fito a 2025 cewa an ware naira biliyan 10 domin sa wa fadar shugaban ƙasa sola, mutane da yawa sun ɗauka cewa an gama magana: kowa ya nemi mafitarsa.

Sai dai gaggawar da aka shiga ta zo daidai da faɗuwar naira. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan duk kayan sola daga waje ake shigo da su, akasari daga Chaina. Mai saye yana sauri, aljihunsa ya yi rauni, mai sayarwa yana son ciniki ya faɗa. A irin wannan yanayi abin da ake fara ragewa shi ne abin da ido ba ya gani.

Kaya uku, kowanne da aikinsa

Abin da muke kira sola a dunƙule haɗakar kaya ce. Faranti yana kan rufi yana mayar da hasken rana lantarki. Batir yana ajiye wutar. Inbata tana juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Akwai kuma kwantirola mai daidaita cajin da ke shiga batir daga faranti, wadda a injinan zamani tana cikin inbatar.

Ka ɗauki gida mai rijiyar burtsatse. Faranti shi ne injin da ke tura ruwa sama, batir shi ne tanki, inbata kuma faɗin bakin famfo. Faɗin bakin famfo yana ba mutum damar tara bokiti da yawa a lokaci guda, amma ba ya ƙara ko ɗigo a cikin tanki. Lambar kVA faɗin bakin famfon kawai take nunawa, wato yawan kayan da za a iya kunnawa tare ba tare da inbata ta yanke ba. Tsawon daren da za a yi da wuta yana hannun batir. Ko batir zai sake cika gobe, wannan yana hannun faranti.

Ma'auni biyu kawai mai gida ke buƙatar riƙewa. Wat shi ne ƙarfin da na'ura ke ja yayin da take aiki, kuma a rubuce yake a jikinta. Yunit kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, wato dai yunit ɗin da mita mai kati ke cirewa. Fanka mai wat 70 idan ta yi awa 10 ta sha wat 700, kashi bakwai cikin goma na yunit ke nan. Duk lissafin sola daga nan yake farawa.

Mu lissafa dare ɗaya

Ga misalin gida matsakaici, a ce a Tudun Wada ko Kawo, an ɗauke wuta tun magariba ba a dawo da ita ba sai safiya. Ƙwan fitila 8 masu wat 10, na awa 5, sun sha wat 400. Fankokin sama 3 masu wat 70, na awa 10, sun sha 2,100. Talabijin da dikoda, wat 100 na awa 4, wani 400 ke nan. Cajin wayoyi a ba shi 100. Firij, wanda ke tashi yana kwanciya, a ba shi 700 a dare. Jimla wat 3,700, wato yunit 3.7. Inbata ita ma tana cin nata rabon wajen juya wutar, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Don haka abin da za a zara daga batir ya kai kimanin yunit 4.3.

Yanzu a dubi abin da aka fi sayar wa irin wannan gida: inbata 3.5kVA da batir tubula, wato batirin dalma mai ruwa, guda biyu, kowanne bolt 12 da 220Ah, lambar da ke nuna yawan cajin da yake ɗauka. Idan aka ninka 12 da 220 za a sami wat 2,640 a kowane batir. Amma batirin dalma ba a shanye shi ƙarƙaf. Ƙa'ida ita ce a tsaya a rabi, in ba haka ba yana saurin mutuwa. Ashe kowanne yunit 1.3 yake bayarwa, biyun kuma 2.6. Gidan na neman 4.3, an ba shi 2.6. Ba sai an kira boka ba kafin a san cewa wutar za ta yanke tsakanin ƙarfe ɗaya da biyun dare. Babu abin da ya lalace a cikin kayan, kuma ko da an canza inbatar an sa 10kVA, lokacin yankewar ba zai matsa gaba ba. Hasali ma baya zai dawo, domin babbar inbata tana shan wuta ko ba a kunna komai ba. Wadda ke cin wat 50 a zaune ta cinye yunit 1.2 a kwana ɗaya, kusan batir tubula guda cur.

Gidan nan batir tubula huɗu yake buƙata, ko batirin litiyam ɗaya mai yunit 5, wanda ake iya zarar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari daga cikinsa.

A sake duban jerin. Fiye da rabin wutar daren fankoki ne suka sha. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki, domin kowa firij yake zargi. Idan aka sauya fankokin uku da irin masu ƙarancin shan wuta, masu wat 30, abin da za su sha ya sauko daga 2,100 zuwa 900. An tsira da yunit 1.2, kuma kuɗin fankoki uku bai kai na ƙarin batir da farantin da zai cika shi ba. Shi ya sa nake ganin duk mai haɗa sola da ya fara da tambayar "Alhaji, nawa ka tanada?" kafin ya zagaya gida ya ƙirga kaya, bai fara daga inda ya dace ba.

Akwai kayan da ba sa shiri da ƙaramar sola ko kaɗan. Dutsen guga yana jan wat 1,000 zuwa sama. Hita da butar lantarki suna kai 1,500 zuwa 2,000. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana jan kusan wat 800, idan ta kwana tana aiki ita kaɗai za ta iya shanye abin da duk gidan ya sha. Firiza da injin tura ruwa kuma suna fizgar ninki uku ko fiye na ƙarfinsu a daƙiƙar da suke tashi, a nan ne girman inbata ke da amfani. Dabarar da masu sola suka gano ita ce mayar da aiki mai nauyi tsakar rana: guga, tura ruwa tanki da daskarar da firiza duk a yi su tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da uku, lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye. Wannan magana ce da ya kamata a yi da uwargida da yara tun ranar farko, domin su ne ke gida a lokacin.

Batir, inda kuɗin yake

Faranti mai kyau yana shekara 25 yana aiki, ƙarfinsa na raguwa kaɗan-kaɗan. Farashinsa ma ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya saboda yawan da masana'antun Chaina ke ƙerawa. Batir ne mai tsada, shi ne kuma mai mutuwa. Duk wanda ya ce maka sola kyauta ce bayan an haɗa, bai kai ranar canjin batir ba tukuna.

Iri biyu ne suka cika kasuwa. Na dalma, wanda ya haɗa da tubula mai ruwa da kuma busasshe, ya fi sauƙin kuɗi a ranar saye. Kamfanonin da ke yin tubula sukan ce zai yi caji da saukewa sau 1,200 zuwa 1,500 idan ana tsayawa a rabi. Na litiyam, irin wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, masu yin sa sukan yi alkawarin sau 4,000 zuwa 6,000. A ɗauki mafi ƙanƙantar lambar kowanne. Tubula huɗu, yunit 1.3 kowanne, sau 1,200, za su ba da yunit dubu shida da 'yan kai a rayuwarsu. Litiyam ɗaya mai ba da 4.3, sau 4,000, zai ba da fiye da dubu goma sha bakwai. Da wannan ma'aunin ya kamata a gwada farashinsu, ba da abin da aka biya yau kaɗai ba. Araha ba ta ado.

Kuma waɗancan lambobin a ɗakin gwaji mai sanyin digiri 25 aka same su. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10. Ka tuna yadda Maris da Afrilu suke a Kaduna, sannan ka tuna inda ake ajiye batura: sito marar taga, ƙarƙashin bene, ko gareji mai rufin kwano. Abu na biyu mai kashe shi shi ne rashin cika. Batirin dalma da ke kwana da yunwa kullum, farantan dalmar da ke cikinsa suna yin wani ɓawo mai tauri wanda ba ya narkewa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya zama awa biyu kawai yake riƙewa. Gidajen da suka sa batir huɗu da faranti biyu su ne suka fi faɗawa wannan ramin, sai su ɗora laifin a kan kamfanin batir.

Tubula yana son a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwa. Ba ruwan famfo ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba, domin a kasuwa tataccen ruwan da asid duk ana ce musu ruwan batir. Ba a haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota kuwa an yi shi ne ya ba da ƙarfi na daƙiƙu ya tayar da inji, idan aka sa shi aikin kwana ba ya daɗewa.

Litiyam ma yana da nasa tarkon, kuma ya fi wuyar ganewa domin a rufe yake cikin akwati. Akwai waɗanda ake cika su da tsofaffin ƙwayoyi, akwai waɗanda lambar da ke jiki ta fi abin da ke ciki. Nauyi yana tona asiri: litiyam na gaske mai yunit 5 yana kai kilo 40 zuwa 50, tubula mai 220Ah kuma yana kusan kilo 60. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a cika batir, a kunna kaya masu sanannen wat, a duba agogo. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wannan gwajin, kuma ba ya gudun rubuta garanti a takarda mai ɗauke da lambar batirin.

Ranar Kaduna tana da yawa, amma ba kullum ba

Faranti mai wat 550 ba ya ba da 550 daga safe zuwa yamma. A yankinmu, idan aka tattara hasken yini guda, yana daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Daga ciki a cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya. Abin da ya rage kimanin yunit 2 ne a rana daga kowane faranti. Gidan da muka yi misali da shi, idan aka haɗa 4.3 na dare da abin da zai sha da rana, yana neman wajen yunit 7. Faranti huɗu ke nan a ranar da gari ya yi garau.

Mutane da yawa suna zaton zafi ne ke ba da wuta. Haske ne. Zafi ma rage ƙarfin faranti yake yi, kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura 25, kuma faranti a kan kwano da tsakar rana yana wuce digiri 60. Shi ya sa ake barin rata tsakaninsa da rufi domin iska ta ratsa.

Lokuta biyu ne masu gwada sola a Kaduna. A hunturu hazo yana tare hasken, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashin, sai an riƙa wankewa da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. A Yuli da Agusta kuwa hadari yana iya rufe gari kwana biyu ko uku ana marka. Wanda aka auna masa faranti da hasken Maris zai ji jiki a Agusta. Tunda faranti ya yi sauƙi yanzu, ƙara guda ɗaya ko biyu a kan lissafi ya fi kowace dabara kare batir.

Kaduna tana arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 10 da rabi, don haka faranti ya fuskanci kudu, a karkace shi digiri 10 zuwa 15. Idan aka kwantar da shi a shimfiɗe, ruwan sama ba zai wanke ƙurar ba. Inuwa ma ba ƙaramar matsala ba ce. Farantan da aka jera a layi ɗaya, idan inuwar tankin ruwa ko reshen mangwaro ta rufe guda, wutar layin gaba ɗaya takan ragu. Kwantirola irin MPPT tana tatso wuta fiye da tsohuwar irin PWM, kuma a babban haɗi ita ce ta dace.

Rabin haɗi: batir babu faranti, faranti babu batir

Wanda ke unguwar da wuta ke zama awa 16 zuwa 20 yana iya sa inbata da batir kawai, wutar gwamnati ta riƙa yi masa caji. Ya rage kuɗin farko, amma kowane yunit da ya ajiye ya biya kuɗinsa a mita, har da ƙari, domin batirin dalma yana zubar da kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da aka zuba masa. Kuma a duhu irin na Oktoban 2024 masu irin wannan haɗin dare ɗaya ko biyu suka yi, suka koma sahun kowa.

Faranti babu batir yana da amfani sosai ga aikin rana zalla, kamar tura ruwa tanki ko ban ruwa a gona, kuma shi ne mafi arahar sola da ake da ita. Sai dai a kula, akwai inbatar da aka ƙera domin ta yi aiki tare da layin gwamnati kawai. Irin wannan, da zarar an ɗauke wuta ita ma takan kashe kanta ko rana na tsaka, domin kada ta tura wuta kan layi. Ta dace da ƙasashen da ba a ɗauke wuta, ba ta dace da mai neman maganin ɗaukewar ba.

Araha ce ko tsada?

Ya danganta da abin da aka gwada ta da shi. Ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga litar fetur. Idan lita tana naira 900, misali, kowane yunit ya tashi 450 ko fiye, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki da ƙarar da ke hana maƙwabta barci. Ga wanda ke ƙona lita uku ko huɗu kowane dare, sola mai kyakkyawan lissafi tana mayar da kuɗinta cikin 'yan shekaru. Idan kuwa aka gwada ta da wutar gwamnati a ƙananan rukunoni, inda yunit bai kai na Band A ba, wutar gwamnati ta fi araha a duk lokacin da take nan. Matsalar ita ce ba ta nan.

Masu sukar sola suna da hujja mai ƙarfi guda: kuɗin shekaru ake biya a rana ɗaya. Fetur ana sayensa lita-lita, sola kuwa haɗin da zai ɗauki gida da firij miliyoyi yake ci. Malamin firamare ya san cewa za ta fi masa sauƙi nan da shekara uku, amma ina zai sami kuɗin yau? Shi ya sa tsarin biya kaɗan-kaɗan ya yaɗu, musamman na ƙananan akwatuna masu ɗaukar fitilu da fanka da talabijin. Suna da amfani, amma a nemi jin jimlar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe, da abin da zai faru idan an yi jinkirin wata ɗaya, domin yawancinsu ana iya kulle su daga nesa.

Abin da ke iya cin rai

Wannan ɓangaren ba na wasa ba ne. Layin sola da na gwamnati dole a raba su da makunnin sauya layi na ƙwarai. Idan wutar inbata ta koma kan layin waje, ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta yana iya rasa ransa. Wayar da ke tsakanin batir da inbata tana ɗaukar ƙarfi mai yawa: kaya masu wat 1,200 a haɗin bolt 12 suna jan amfiya 100, a bolt 48 kuwa 25 kawai. Siririyar waya ko sako-sakon ɗauri a nan shi ne mafarin gobara. Dole a sa fis ko abin yanke wuta tsakanin batir da inbata, da tsakanin faranti da inbata, a kuma yi wayar ƙasa da abin kare tsawa. Iskar farkon damina a Kaduna tana yaye kwano, don haka farantin da aka ɗaure da wayar ƙarfe kawai haɗari ne ga gidan da ma maƙwabta.

Tubula yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu. Idan ya mutu kuma, kada a bari a fasa shi a tsakar gida ko a bar yara su yi wasa da shi. Dalma guba ce. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, daga dalmar da ke cikin duwatsun zinare ne, amma sinadarin ɗaya ne da na cikin batir.

Waɗanda ba su da rufin kansu

Da yawa daga cikin mazauna garin Kaduna 'yan haya ne. Mai ɗaki ciki da falo a gidan haya ba shi da ikon huda kwano, ba shi da tabbacin zai kai baɗi a gidan. Shi ƙaramin haɗi mai ɗaukuwa ya fi dacewa da shi: faranti ɗaya, ƙaramin litiyam, fanka da fitilu masu aiki da wutar batir kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba. Tela da mai aski da mai cajin waya da mai sayar da zoɓo da kunun aya suna cikin waɗanda suka fi cin riba, domin aikinsu na rana ne, kayansu ba su da nauyi. Mai walda da mai injin niƙa kuwa har yanzu suna hannun layin gwamnati da man dizal.

Akwai wani sakamako da ba a cika magana a kai ba. Waɗanda ke ficewa zuwa sola su ne masu iya biyan kuɗin wuta mai yawa. Kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da kuɗin da ya tara yake gyaran layi da taransifoma. Idan manyan masu biya suka ragu, nauyin zai koma kan waɗanda ba su da halin fita. Attajirin unguwa da a da yake kan gaba wajen bin diddigin taransifomar da ta ƙone, yanzu yana iya yin kwanaki bai san ta ƙone ba. Wannan ya dame ni, domin sola a kan rufin mutum ɗaya ba ta kunna injin niƙan unguwa.

A 2025 an ji ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Uche Nnaji, yana maganar hana shigo da farantan sola domin a ƙarfafa masu ƙerawa a gida. Masu goyon baya suna cewa hakan zai samar da ayyuka ya rage neman dala. Masu adawa suna cewa masana'antun gida ba su kai ga biyan buƙatar ƙasar ba, kuma hani zai ɗaga farashin ɓangaren da shi kaɗai ne ya yi sauƙi. Ina tare da na biyun. Abin da ke cutar mai saye a yau jabun batir ne da haɗin da ba a yi lissafi ba, kuma dukkansu suna da masu alhakin kula da su: hukumar SON ce ke da ingancin kaya, NEMSA ce ke ba masu haɗa lantarki shaidar ƙwarewa. Dokar lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Kaduna tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, tana da hedikwatar hukumar NBTE mai kula da ilimin sana'a, tana da matasan Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere, masu hannu. Horar da waɗannan matasa lissafin lodi da kaurin waya, a ba su shaidar da mai gida zai iya nema ya gani kafin ya bari a hau masa rufi, aiki ne da jihar za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba.